Ranar da na gyara ɗakin sanyi da butar shayi

An kwana biyu da yin wannan abin, shekarun baya ne, lokacin da aka hana hawan moto a Diffa. Ni kuwa kabu-kabu nake yi tun da na tsere daga lekol, wato makarantar boko. Rana ɗaya aka raba ni da sana'ata, na koma zaman bakin titi ina neman wanda zai taka ni mu yi faɗa. Da mahaifiyata ta gaji da ganin fuskata, ta sa kawuna ya kai ni wajen wani tsoho mai gyaran firigo, wato firiji, ɗan gudun hijira daga tsallaken Komadugu. Ba shi da takarda ko ɗaya. Da kunne da tafin hannu yake aiki, haka ya koya mini.

Ina da aboki da rikici ya koro su daga wajen Bosso, shi da uwarsa da ƙannensa mata. Allah ya taimake shi ya samu aikin tsaron ɗakin sanyi a wajen wani Alhaji ɗan Damagaram, irin ɗakin da mutum ke shiga da ƙafarsa, cike da katan-katan na kaji da kifi. Da wannan aikin gidansu ke ɗora tukunya.

Sai ɗakin ya fara iskanci. Da safe sanyi kamar ya tsinke maka kunne, kafin azahar kaji sun fara laushi. Idan aka ɗauke wuta aka maido, sai ya dawo garau. Alhaji ya ɗauko mai gyara daga Damagaram, mai takardar dipulom, mai jaka. Duk zuwan da zai yi sai ya ɗaura agogon awo, ya ga allura ta faɗi, ya ce gas ya ƙare, ya ƙara. Sau uku. A na ukun ya ce wa Alhaji shi bai ga inda yake yoyo ba, sai dai in wani ke zuƙewa. Aka waiga aka dubi abokina. Wa yake sha shayi da shi kullum? Ni, yaron mai gyaran firigo. Lissafi ya fita: yana satar gas yana ba ni.

Abokina ya zo shagonmu idonsa jawur, ya ce Alhaji ya ce ya ajiye makulli bayan la'asar. A wancan lokacin ɗan gudun hijira da aka kira ɓarawo, ba mai sake ba shi ko tsintsiya ya riƙe. Maigidana na kwance da zazzaɓi. Ya tambaye shi abu ɗaya kawai, ko an taɓa buɗe bututun gas ɗin. Abokina ya ce eh, da damina an yanke shi za a canja wani ƙarfe, motar da ta ɗauko kayan ta maƙale a shingayen hanya, bututun ya kwana uku baki buɗe. Tsohon ya juya ya dube ni, ya ja bargonsa. Na ɗauki jakarsa na fita.

Na tarar da Alhaji a kan kujera, mai dipulom yana shirin ɗaura kwalbar gas ta huɗu. Ko gaisuwar kirki ban yi ba, abin da har yau mahaifiyata ke yi mini gori a kai. Na ce kada a ƙara. Mai dipulom ya dube ni tun daga silifa har kai, ya tambaye ni aji nawa na yi. Na ce ajin da aka kore ni. Mutane suka yi dariya.

Alhaji ya ce, "Kai ne abokin cin mushen? Ka zo ka ɗebi saura?"

Na ce, "Alhaji, gas ɗinka na nan ciki, har ya yi yawa. A ba ni ruwan zafi. In ƙarya nake, ka kira mini jandarma da kanka."

Gaskiya bakina ne ya riga hankalina. Ban taɓa taɓa inji mai girman wannan ba. Mai shayin bakin ƙofa ya miƙo mini butarsa yana cewa in na mutu a ciki a maido masa kayansa.

Muka shiga, ni da abokina da mai dipulom, Alhaji ya tsaya bakin ƙofa. Bayan fankokin akwai wani ɗan ƙarfe da gas ke matsewa ya wuce ta cikinsa, ramin bai fi na allura ba. Na cire rawanin wuyana, na jiƙa da ruwan zafi, na ƙona yatsuna biyu, na naɗe ƙarfen. Shiru. Mai dipulom ya fara murmushi. Na sake zubawa. Can sai muka ji tsss, kamar an saki tayar keke, bututun ya fara yin fari yana tafiya. Wani da ke waje wajen agogon awo ya ce allura ta tashi.

Na ce wa Alhaji ga ɓarawonsa nan. Raɓar damina ce ta shiga bututun kwana ukun nan. Tana zagayawa da gas, in ta iso ramin nan sai ta daskare ta toshe hanya, allura ta faɗi kamar babu komai a ciki. In wuta ta tafi sai ƙanƙarar ta narke, shi ya sa ɗakin yake dawowa. Don Allah ban ƙi mai dipulom ba, shi ya riƙe mini fitila daga baya.

Ruwan zafi ba magani ba ne, shaida ce. Sai da muka kwashe gas ɗin, na canja filtar da ke shanye raɓa, na zuƙe bututun da tsohon injin firigo da maigidana ya mayar famfo, sannan muka zuba sabo daidai awo. La'asar ta yi, ta wuce, ba wanda ya yi zancen makulli.

Alhaji ya kira ni gefe zai sallame ni, har yana cewa in riƙa duba masa ɗakin. Na ce na ji, amma a gaban mutane aka ce wa abokina ɓarawo, ba a gefe ba. Mai shayi ya sunkuyar da kai yana wanke kofin da ya riga ya wanke. Alhaji ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Yaro, na zalunce ka. Ka yafe mini." Abokina kuwa makullin kawai yake juyawa a hannu.

Da na koma na ba maigidana labari ina hura hanci, bai yaba mini ba. Cewa ya yi ina rawanin, na ce na baro shi can. Ya ce to gobe in je in ɗauko, in kuma gaida Alhaji yadda ake gaida manya.

Na je na gaishe shi. Amma ban ba da haƙuri ba, kuma har yau ban ga dalili ba. Yanzu ina da shagona, kuma duk wanda ya zo ya ce mini gas ya ƙare a ƙara, sai na ce ya zauna tukuna. Na ga yadda ake ɗora wa mutum laifin inji don kawai shi ne ba shi da kowa a garin. Tabon yatsun nan biyu bai goge ba. Shi ne dipulom ɗina, kuma duk mai son gani ina nuna masa.