Abin da Muka Binne

Ranar da aka yanke wa yayata nonon hagu, mijinta ya tsaya a bakin ɗakin tiyata ya ce sai an ba shi. Ma'aikatan asibitin suka yi ta kallonsa. Su ba su san cewa mu a Zongo ba ma barin naman Musulmi a kwandon shara ba, ko da ɗan yatsa ne. Bayan sun ɗebi na gwaji suka ba shi saura, ya naɗe a farin ƙyalle, ya hau zem, wato acaɓa, ya kai maƙabarta.

Mata ba ma zuwa can, don haka da ta farfaɗo abin da ta fara tambaya shi ne, "Malam, ka zurfafa ramin?"

Ya ce ya zurfafa. Ta lumshe ido ta ce alhamdulillahi, sankara ta shiga ƙasa.

Yaya mace ce mai kafiya, a kan atamfa ɗaya sai ta wuni tana ciniki a kasuwar Tokpa-Hoho. Likita ya ce akwai sauran ƙarin ruwa, wanda suke kira shimiyo. Ta fara zuwa, gashi ya zube, amai ya hana ta kasuwa, sai ta daina. Na yi faɗa har muryata ta dushe.

"Ke 'yar boko," in ji ta, "abin da aka binne, me kuma za a kashe?"

Damina biyu ta yi lafiya lau, har ta yi ƙiba. Sai baya ya fara ciwo. Kowa ya ce ɗaurin atamfa ne da take ɗauka a ka, wasu suka ce ramukan hanyar Akpakpa ne. Aka kira mai ɗori ya murza, ta yi ihun da har yau nake ji in na wuce ƙofar ɗakin. Daga baya tari ya biyo.

Da muka koma asibiti, likitan ya ɗaga hoton cikin jiki da suke kira radiyo a gaban fitila, ya nuna mana tabo-tabo a ƙashin baya da huhu. Ya ce ba sabon ciwo ba ne, sankarar nonon ce dai. Tun kafin a sa wuƙa wasu 'yan ƙwayoyi da ido ba ya gani sun ɓalle, sun bi ta kaluluwar hammata, sun shiga jini, sun samu wuri sun yi lamo. Su ne aka so ƙarin ruwan ya bi ya kashe, ko da yake, in ji shi, wani lokacin ko an gama shi sukan dawo.

Yaya ta dubi mijinta. Ba ta ɗaga murya ba.

"To Malam, me ka binne?"

Bawan Allahn nan ya sunkuyar da kai. Tun daga ranar ban ƙara jin ya yi dariya ba, kuma ni ma tambayar ba ta sake ni ba.

Ni na yi mata wanka da ta rasu. Ina jin haushinta, ina kuka, ina zuba ruwa a hankali kamar za ta ce wayyo, don a watannin ƙarshe ko zani ya gogi haƙarƙarinta sai ta zabura. Da na zo kan ƙirjin hagu na tsaya. Tabon ya warke sumul, ko kumburi babu. Duk jikinta, nan ne kaɗai wurin da ba ta ƙara cewa yana mata ciwo ba.