Motar da Ba Ta Jin Turi

Jiya da dare na yi wani mafarki, tun da na tashi na kasa zama wuri ɗaya. Bari in fara gaya muku abin da ke ƙasa. Duk Laraba nake kai mahaifiyata, Inna, wankin ƙoda a Kano, kuma ba a fashi. Motata ta gaji da ni, ni ma na gaji da ita. Dillali ya nuna min guda biyu: wata tsohuwa 'yar Kwatano mai giyar hannu, da wata ta zamani wadda ko makulli ba a murɗa mata, maɓalli ake dannawa. Ya ce in tsayar da magana kafin Asabar.

A mafarkin ina tuƙa ta zamanin, Inna na baya tana jan carbi. Sanyi, shiru, kamar ba a kan titi muke ba. Wata akuya ta faɗo mana, ni ban ma gan ta ba, motar ta taka birki da kanta. Inna ta ce, "Habu, wannan ta fi ka hankali." Na ji haushi, amma gaskiya ta faɗa.

Sai kawai kwaltar ta koma yashin rafi. Ga asibitin can ina hangowa, ana jan ƙofarsa a hankali za a rufe. Wata jar fitila ta kama a allon motar, motar ta mutu murus. Na danna maɓalli, na sake dannawa, ko tari. Na leƙa na ce a taimaka da turi. Jama'a suka yi ta fitowa daga cikin dawa, har da malaminmu na firamare da ya rasu tuntuni. Suka dafa, suna "Bismillah, a tura!" Na kai ƙafa zan taka kuloci in sa giya ta biyu, yadda na saba shekara da shekaru. Ƙafata ta yi ta lalube, babu kuloci.

Sai ga Malam Ado bakanikena, wanda da kunne yake gano ciwon mota. Ya kafa sukudireba a jikin injin, ya kara kunnensa, ya daɗe. Ya ɗago ya ce, "Alhaji, wannan ba ta magana da irinmu. Sai mai kwamfuta." Na ce ina mai kwamfutar yake?

Sai kawai na gan ni cikin 'yar Kwatanon. Turi ɗaya ta tashi, har da ihuna. Na ba ta wuta, ƙofar asibitin saura kaɗan ta rufe. Abu ya sake faɗowa titi. Wannan karon na gani sarai, kuma ba akuya ba ce, Inna ce a tsaye da carbinta. Na taka birki, ya nutse har ƙasa, motar ba ta ko rage gudu ba.

Na farka ina danna ƙarfen gado da ƙafa, ana kiran asuba. Ko takalmi ban sa ba na nufi ɗakin Inna. Na same ta kan darduma lafiya lau. Ta ce, "Habu, ka dai tuna gobe Laraba ko?"

Wallahi tsoro nake ji. Ɗaya ta ƙi kai ta, ɗaya ta ƙi tsayawa saboda ita. Don Allah masu sanin fassara, mene ne ake nuna min, kuma a cikin wacce zan saka uwata?