Ranar da Inna ta bi 'Yar Wara

Shekarun baya, lokacin mahaifiyata tana raye, akwai wata safiya da ta ɓace mana daga gidanmu na Yelwa. Yanzu ni da 'yan'uwana mukan ba da labarin har mu yi dariya, amma ranar babu wanda ya ga abin dariya a ciki.

Inna ta yi sana'ar busasshen kifi tun kafin a haife ni. A Wara take sarowa, ta kawo kasuwar Yelwa ta sayar. Takan ce da farko a jirgin ruwa suke zuwa, daga baya aka koma bin manyan motocin kaya, mutum ya zauna bisa buhunan gero yana riƙe da ƙarfe. Sai ƙaramar hukuma ta sa wata doguwar bas, mutane suka laƙaba mata suna 'Yar Wara. Takan tashi daga tashar Yelwa da safe, ta bi ta Birnin Yauri, ta karya a mararrabar Malando, ta ratsa Ngaski, ta dire a bakin kasuwar Wara, da yamma ta juyo. Ina ƙarami na sha shigarta, ina zaune kan cinyar Inna, kwandon kifi a ƙarƙashin ƙafafunmu. Doguwar bas ɗin ta yi aiki har ta gaji aka jingine ta, direbobi suka haɗu suka sa ƙananan bas-bas a hanyar. Motar ta mutu, sunan ya zauna. Duk wadda ta bi layin nan 'Yar Wara ce.

Da tsufa ya kama Inna sai mantuwa ta biyo baya. Farko tana neman abin da ke hannunta, can gaba ta fara kirana da sunan ƙanenta da ya daɗe da rasuwa. Wata rana ta tambayi mai ɗakina ko ita baƙuwa ce. Muka hana ta kasuwa, muka riƙa sakaya ƙofar zaure, muka gargaɗi maƙwabta su sa mana ido.

Ranar da abin ya faru ina cikin aji, don ni malamin firamare ne, sai ga kiran mai ɗakina.

"Malam, Inna ba ta ɗaki. Na je kai niƙa na dawo na iske zaure buɗe. Na duba gidajen maƙwabta, ba wanda ya gan ta."

Ban ma tsaya neman izinin hedimasta ba. Muka bazama ni da wani abokina mai babur. Muka je tsohuwar rumfarta a kasuwa, muka je asibiti, muka gangara bakin ruwa. Lokacin ba a daɗe da sace ɗaliban Birnin Yauri ba, kowa zuciyarsa a ɗar-ɗar take, mutum in ya makara dawowa daga gona ma sai gida ya rikice. Yayata da ke aure a Kwantagora ta kira, ban san wanda ya gaya mata ba, ta fara kuka tun kafin in yi magana.

Wata mai ƙosai a bakin tasha ce ta ba mu haske. Ta ce ta ga tsohuwa da kwando ta shige ciki tun da sanyin safiya. Na shiga na sami dattijon ɗan kamasho da ke loda 'Yar Wara, wanda tun ina yaro nake ganinsa a wurin.

"Baba, don Allah ka ga Innata?"

"Innarka mai kifi? Ai ni na sa ta motar farko. Gaba ma na ba ta, kusa da direba. Na ce mata Hajiya kwana biyu, ta ce ƙafa ce ta hana ta tahowa. Lafiya dai?"

"Ba ta da lafiya, Baba. Ba ta san inda take ba."

Ya ce, "Ɗana, ni dai ban ga alama ba. Ta gaishe ni da sunana, ta tambayi iyali. Da na sani da ban bari ta shiga ba."

Ya kira direban motar farko, wayar ba ta shiga. Ya ce da an wuce Malando sabis sai an dace. Abokina ya ce mu bi ta a babur, zai fi sauri. Dattijon ya girgiza kai. Ya ce ba mu san inda za ta sauka ba, tana iya dirowa a kowane gari, kuma direban mota ta biyu ya san wanda zai tambaya a kowace tsayawa. Na ga gaskiyarsa. Na sallami abokina ya koma ya zauna da iyalina, ni na shiga mota.

Wanda ya taɓa shiga 'Yar Wara ya san ba ta tashi sai ta cika, kuma cikarta ba irin cikar da kuka sani ba ce. Na zauna, na fita, na koma, na sake fita. Har na tsinci kaina ina taya ɗan kamasho kiran fasinja, ina "Wara, Ngaski, saura mutum ɗaya", alhali saura wajen rabin mota. Sai da wata mata ta ce, "Malam, allo ka baro?" sannan na lura allin rubutu na nan a hannuna, na damƙe shi har ya yi gari.

Kafin mu fita gari kowa a motar ya san labarina. Akwai wata mata mai jarkokin manja, da wani Bafulatani da ya sa ɗan akuyarsa tsakanin ƙafafu, da wasu mata biyu Kambari da suka kai kaya kasuwa suna komawa gida, da wani tsoho mai sanda a kusa da ni. Nan take neman Inna ya zama aikin motar gaba ɗaya.

A Birnin Yauri direba bai gama taka birki ba mai manja ta leƙa ta taga tana tambayar masu rake. Suka ce motar farko ta wuce, ba tsohuwar da ta sauka. A mararrabar Malando akwai shingen 'yan sa-kai. Ɗaya daga cikinsu ya ce ya ga wata tsohuwa a gaba tana ɓare gyaɗa, har ta miƙo masa. Na gode masa muka wuce.

Daga nan hanya ta lalace, mota ta koma tafiyar rarrafe. Tsohon da ke kusa da ni ya tambaye ni ɗan wa nake. Da na kwatanta masa Inna sai ya yi murmushi.

"Na san ta. Doguwa, mai faɗa in an taka mata kwando. Zamanin doguwar bas, nan gaba kaɗan akwai wani kwari, in damina ta yi sai mun sauka mun tura. Maza na turawa, su matan kifi na bakin hanya suna muna tsiya. Innarka ce shugabarsu." Ya dafa gwiwata. "Kwantar da hankalinka. Wagga hanya ba baƙuwarta ba ce."

Na ce masa to. Ina kallon daji ta taga, duk inda na ga ƙaramar hanya ta shiga ciki sai in ga kamar ita ce ta bi.

A Ngaski direba ya sauka da kansa ya je wurin wata mai fura. Ta ce tsohuwar ta sauko ta sha ruwa, ta tsaya tana waige-waige kamar ta manta abin da ya kawo ta, sai direbanta ya kamo hannunta ya mayar da ita mota. Wannan magana ta sake tayar mini da hankali, don na san wannan waige-waigen.

Sai bayan azahar muka shiga Wara. Muka iske direban motar farko yana wanke motarsa. Ya ce ya sauke ta a bakin kasuwa. "Na ce mata Hajiya yau ba ranar kasuwa ba ce, ta ce ta sani. Ta ɗauki kwandonta ta yi wajen ruwa."

Na yi wajen ruwa da gudu, matan nan biyu Kambari suka biyo ni, ko da yake ba hanyar gidansu ba ce. A bakin ruwa jirage na jere, wasu ana loda musu kaya. Na tambayi wani mai gyaran komar kamun kifi. Ya ce e, ɗazu wata tsohuwa da kwando ta shiga jirgin da ya ƙetare. Ya nuna mini da hannu. Ban ga komai ba sai ruwa, ya miƙe har inda ido ya ƙare. Duk wanda ya san Wara ya san yadda jirgi ya taɓa kifewa a ruwan nan ya ci mutanenta da yawa. Na zauna a kan wani kifaffen kwalekwale.

Wata mata da ke bandar kifi a gefe ta taso tana goge hannu a zane.

"Malam, wane irin kaya ta sa?"

Ban ga kayan da ta sa ba, don na fita aiki tana barci. Allah Ya sa akwai sabis a wurin. Na kira mai ɗakina, ta duba ɗaki ta ce babu shuɗin zanen Inna da farin mayafinta.

Matar ta ce, "To ba ita ce ta shiga jirgi ba. Waccan 'yar ƙetare ce, mun san ta. Mai farin mayafi ta zo nan, ta tambaye ni ko Mama na nan da rai. Ni na nuna mata hanya. Taho mu je."

Sai a lokacin na tuna. Mama wata Bakambara ce, Kirista, wadda Inna ta yi shekaru tana sayen kifi a hannunta. Ina yaro in mun zo, ita ke ba ni soyayyen kan kifi in zauna ina tsotsa har su gama ciniki. Na daɗe da mantawa da ita. Inna, wadda ke mance sunana, ba ta manta ba.

Gidan yana bayan coci. Muka yi sallama muka shiga. A ƙarƙashin mangwaro, kan tabarma, ga tsofaffi biyu. Mama ta makance, ta rame ƙwarai. Inna na zaune gabanta da kwano, tana cire ƙaya daga kifi tana sa mata tsokar a tafin hannu. Suna hira ƙasa-ƙasa, rabi Hausa rabi Kambarci, ban ma san Inna na jin Kambarci haka ba.

Na tsaya a bakin ƙofa na kasa ƙarasawa. Inna ta ɗago ta dube ni, ta kira ni da sunana, nawa na gaskiya, wanda na yi watanni ban ji a bakinta ba.

"Kai kuma mi ya kawo ka? Yau ba makaranta?"

Na durƙusa na gaishe su. Ban san hawaye na zuba ba sai da surukar Mama ta miƙo mini ruwa ta ce in wanke fuska. Ta ce sun lura Inna na maimaita magana, sun gane akwai matsala, har mijinta ya tafi tasha ya ba da saƙo a kai Yelwa, don ba su da lambar kowa. Ta ce da azahar ta yi sun shimfiɗa wa Inna sabon zane a ɗaki ta yi sallarta.

Mama ta lalubo kaina ta shafa. "Kai ne mai cin kan kifi? Ka girma. Kada ka yi mata faɗa. Ta ce an daɗe ba ta zo ba, tana tsoron in ce ta yada ni."

Na kira gida, na kira yayata. Yayata ta ci gaba da kukanta, amma wannan karon ban hana ta ba.

Muka biyo motar yamma. Mutanen gidan sun cika wa Inna kwando da kifi, ta rungume shi a cinya ta ƙi yarda a sa a but ɗin mota. Tana gefen taga, duk garin da muka zo sai ta taɓa ni ta faɗi sunansa, kamar yadda take yi mini ina ƙarami. Ta nuna mini kwarin da suke tura mota. Muna shiga Yelwa ana kiran magariba, hasken ya fara dushewa daga idonta. Da muka isa gida ta tsaya a zaure ta tambayi mai ɗakina gidan wa ne wannan.

Bayan haka nakan ɗauke ta jefi-jefi ranar Asabar mu bi 'Yar Wara mu gaishe da Mama. Wani zuwan ta gane ta, wani zuwan su zauna shiru kawai suna riƙe da hannun juna. Muka yi ta yi har Mama ta rasu, Inna ta bi ta ba da jimawa ba. Allah Ya jiƙan Inna.

Abin da ya zauna mini a rai shi ne, duk tsawon ciwonta ina ganin ni da mai ɗakina ne kaɗai ke tsare da ita. Ranar na ga ashe tun daga tashar Yelwa har bakin ruwan Wara akwai mutanen da suka san ta, kowa ya riƙe ta na ɗan lokaci ya miƙa wa na gaba, ba tare da wani ya roƙe su ba. Yawancinsu ban sake ganinsu ba balle in yi godiya yadda ya kamata.

Likita ya yi mana bayani daga baya, ya ce masu irin wannan ciwo sukan bi tsohuwar hanyar da suka saba, mu ƙara kula. Mun ƙara, kuma ba na fatan kowa ya ga irin wannan yini. Ni dai abin da na sani, na fita da safe ina neman mara lafiyar da ta ɓata, na je na iske mace ta kai wa ƙawarta ziyara.