Direban da Ba Ya Barin Kowa a Baya

Shekara goma sha tara Direba yana jan farar motar wani ƙaramin asibiti da likitoci Turawa suka buɗe a bayan gari, kuma bai taɓa komawa da kujera ko ɗaya babu mutum ba. Da wannan yake tinƙaho. Duk Talata zai bi gida-gida da takardar sunaye. Wanda ya ɓuya a banɗaki don tsoron allura, Direba zai kashe mota, ya zauna a ƙofar gida yana yanke farce, har mutum ya gaji da wari ya fito. Naci gare shi kamar ciwon haƙori.

Majinyatan duk maza ne, duk baƙar fata, duk ciwo ɗaya ke damunsu. A ɗebi jininsu, a ba su fararen ƙwayoyi, su dangwala yatsa a wata doguwar takarda da ba a taɓa karanta musu ba. Yayansa, wani kafinta, yana cikinsu, kuma kujerar gaba tasa ce.

Wata rana yayan ya tsaya a bakin mota ya ce, "Ƙanena, ƙafafun nan sun fara ƙin ɗaukata. An ce babban asibitin cikin gari na da allurar da ke warkar da abin nan."

"Haba Yaya! Ka bar likitocin da suka san jininka, ka je bin layi? So kake ka ba ni kunya a wurin aiki? Shiga mu tafi."

Ya shiga.

Shekara huɗu da rasuwar yayan, magana ta fito a rediyo. Ashe ƙwayoyin ba magani ba ne. Likitocin sun zuba ido ne kawai, suna rubuta yadda ciwon ke cin mutum in an ƙyale shi, alhali maganinsa na nan cikin gari. Aka rufe asibitin, Turawa suka kwashe takardunsu suka hau jirgi. Direba kuwa ina za shi? Fuskarsa ce kowane gida ya sani.

Ba wanda ya zage shi, shi kuwa da zagin ya fi masa sauƙi. In ya zauna a benci, sai kowa ya tuna yana da aiki. Haka ya tsufa a ɗaki ɗaya, yana magana da rediyo don kaɗaici. Burinsa bai wuce matar yayansa ta yarda bai sani ba, amma sau nawa yana kaiwa bakin layinsu ya juya.

Ran nan ya daure ya shiga. Ya same ta tana shanya, ya durƙusa.

"Matar Yaya, wallahi ban sani ba."

"Tashi. Na yarda, ba wanda ya faɗa maka." Ta matse riga ta rataya. "Abu ɗaya nake so ka faɗa min. Duk mutanen nan da ka yi ta kaiwa, ka taɓa ganin wanda ya warke?"

Direba ya buɗe baki. Ya shiga laluben mutum ɗaya tak a ransa. Har ta gama shanyar bai samu ba.