Waƙar da Funs Ya Hana Ta Numfashi

Funs Pustjens ya ƙare ƙuruciyarsa da tsakiyar shekarunsa yana koya wa mutane tuƙin mota a ƙauyenmu, nan bakin kogin Maas a lardin Limburg. Aikinsa shi ne ya zauna a kujerar gefe yana gaya wa mai riƙe da sitiyari cewa ya yi kuskure. Da ya yi ritaya sai ya rasa wanda zai yi wa gyara in ban da matarsa Truus, ita kuwa ta daɗe da daina sauraronsa. Sai ya sayi kwamfuta da manhajar haɗa kiɗa, ya fitar da keken ɗinkin Truus daga ƙaramin ɗakin sama, ya lilliƙa kwalin ƙwai a bango, ya ce daga yau sunan ɗakin situdiyo.

Mutumin nan ko usur bai taɓa busawa ba. A coci ma baki kawai yake motsawa in ana waƙa. Amma manhajar ba ruwanta da wannan. Ɗigo za ka jera a allo, ka ce wannan na ƙaho ne, wancan na ganga, ka danna, ta busa maka. Ya kalli darussan koyo a intanet, ya tsallake na farko-farkon, wai na yara ne. Kafin kaka ta shigo har ya fara kushe kiɗan rediyo a teburin cin abinci.

Abu ɗaya ya sa a ransa. Kowace shekara akan zaɓi waƙar ƙauye ta Karnafal, bikin nan da jama'a ke shigar ban dariya su cika titi, 'yan badujala su busa ta a gaban motar wanda aka naɗa Yariman biki ranar jerin gwano, sannan a kira sunan mai ita da lasifika a dandalin coci. Funs yana son a kira nasa.

An yi gasar a zauren da ke bayan mashayar ƙauye, ina wurin kamar kullum don jaridarmu. Sauran masu takara sun zo da akodiyon, abin kiɗan nan da ake ja ana matsawa da hannu, da muryoyinsu na Allah. Funs ya zo da kwamfuta. Da ya danna, sai ka ce ƙaho ɗari ne suka shigo zauren, har kofuna na rawa a kan tebur. Alƙalan sun riga sun sha giyarsu, ƙarar ta burge su, suka ba shi na ɗaya. Ta biyu ita ce Leike Houben mai sayar da furanni, da 'yar waƙarta kan wani maigida da haƙoran robarsa suka faɗa cikin miya.

Sai aka zo gwaji. Shugaban badujala Wiel Dassen ne, ƙanin Truus, mutanensa kuwa yawancinsu sun fara furfura. Funs ya buga takardun kiɗan daga kwamfuta ya rarraba musu da kansa. Wiel ya duba tasa, ya juya bayanta, ya sake dubawa.

"Mijin Yaya, a ina za mu yi numfashi a nan?"

"Numfashin me?" in ji Funs.

"Na hanci mana, wanda ake yi don kada a mutu. Ka ba ƙaho busa tun daga farko har ƙarshe, babu inda mutum zai ja iska."

"Kwamfuta ta busa shi, ban ji ta yi ƙorafi ba."

"To a sa mata hula ta hau tudun coci da ƙafa, mu gani."

Annie mai ƙaramar ganga ta ɗaga tata takardar. "Ni kuma Yallaɓai aikin hannu uku ka ba ni. Na ukun wurin wa zan aro?"

Funs ya ce lalaci ne kawai, su gwada. Suka gwada. Tsoho Zef mai babban ƙaho ya bi ɗigon nan da gaskiya har fuskarsa ta koma kalar jan kabeji, sannan ya ajiye ƙahon ya nemi kujera. Ragowar suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, aka bar babbar ganga ita kaɗai.

Wiel ya ɗauki fensir ya bi takardun, ya soke nan, ya rage can, ya sauko da abin da ya yi tsini da yawa. Suka sake busawa. Na ji da kunnena, kuma zan faɗi gaskiya: a ƙarƙashin tarkacen nan akwai 'yar waƙa mai daɗin bi. Truus da ta kawo musu kofi tana tsaye a bakin ƙofa tana kaɗa ƙafa.

"Kun yayyanka mini waƙa kamar tsiran alade!" in ji Funs. "Wa ya ba ku izini?"

"Haba Funs, ai yanzu ne ta zama waƙa," in ji Truus.

"Ke me kika sani a kiɗa?"

"Abin da ka sani bara war haka."

Maganar ta je gaban kwamitin biki. Suka ce masa zaɓi biyu ne: ko a busa ta da gyaran Wiel a kira sunansa, ko ya janye abarsa. Ko wawa ya san wanda zai ɗauka. Funs ya miƙe ya yi musu jawabi kan darajar fasaha da haƙƙin mai ƙirƙira, kalmomin da bai daɗe da tsinta a intanet ba, ya tattara takardunsa ya fita a hankali, yana jiran a kira shi. Ba wanda ya kira shi. Kafin ya kai bakin titi sun buga wa Leike waya.

Gidan Funs a kan hanyar jerin gwanon yake, daidai inda tudu ya fara. Ranar biki ya jera lasifikokinsa a tagar ɗakin sama ya kunna waƙarsa cikakkiya, ba a taɓa ko ɗigo ba. Tun da hantsi maƙwabta ke shan ƙara. Da badujala ta iso, babbar ganga ta haɗiye komai. Daga titi abin da ake gani shi ne wani dattijo a taga, baki na motsi, yana kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. Waɗanda ke kan motar Yarima suka zaci murna yake taya su, suka watsa masa alewa. Truus ta wuce ta ƙofar gidanta cikin shigar kwaɗo tare da ƙawayenta, tana rera waƙar haƙoran roba iya ƙarfinta, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Daga gidan ana jin lasifikar dandali sarai. Da aka kira sunan Leike Houben jama'a suka ɗauki ihu, Funs ya ƙara wa waƙarsa ƙara.