Motar da Ba Ta Mutuwa Sai da Kaya

Na gyara wayoyin mota har idona ya daina bambance jar waya da baƙa, kuma yawancin motocin da suka bi ta hannuna ko launinsu ba na tunawa. Amma akwai wata babbar motar ɗaukar gyaɗa da na kwanta a ƙarƙashinta a kasuwar Gidan Amumune, wadda ko daga barci aka tashe ni zan ba da labarinta tiryan-tiryan. Ranar nan ba za ta fita daga raina ba sai ƙasa ta rufe mini ido.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, gyaɗa kuwa, wadda mu nan muke ce wa gujiya, ita ke juya ƙasar. Da kaka ta yi, sai ka ga raƙuma da jakuna da motoci suna ta kwararowa Tasawa da buhuna, daga Hawandawaki, daga Mayahi, daga ƙauyukan da ko sunansu ban sani ba. Ni ɗan maƙera ne, amma na bar zuga-zugi na tafi Maraɗi na koyi aikin wayar mota a gareji, na dawo na kafa rumfa kusa da tasha. Kayan aikina ba su cika jaka ba: filaya, wuƙa, dalma, sai wani ƙwan fitila da na ɗaura wa waya biyu, da shi nake bin wuta in ga inda ta tsaya. Mahaifina kan kalle su ya ce wannan ai tsince-tsince ne, ba sana'a ba. Ina jin haushi, amma ba a musu da uba.

Akwai wani Alhaji, babban mai sayen gyaɗa a Tasawa, da ya sa kafinta ya yi wa motarsa sabon bodi na katako a farkon kakar shekarar, kuma a cikin makon ne ya ɗauki sabon direba. Direban ya girme ni sosai, Yaya nake ce masa. Ya yi tuƙi a soja zamanin Faransa, mutum ne mai shiru-shiru, in ya riƙe sitiyari ko rairayin Mayahi ba ya ba shi tsoro. To, tun da ya karɓi motar nan ta fara wani hali. Zai tafi da ita ƙauye lafiya lau, a yi lodi, ya kamo hanya, sai ta mutu a tsakiyar daji. A sauke kaya a ɗora wa raƙuma, a jawo ta gari. Makaniki ya duba, ya canja buji, ya wanke tanki, surukin Alhaji ya hau ya zagaya gari da ita tana gurnani kamar ba ita ba. A mayar wa direba, ya je ya yi lodi, ta sake mutuwa.

Ka san bakin mutane. Aka fara cewa mota ba ta da laifi, mutumin ne ke da ƙashin tsiya. Da farko a raɗa ake faɗa, daga baya har a gaban idonsa. Manoma suka ce ba a ɗora buhunsu a motar da yake ja ba, masu motoci a tasha suka ce ko kyauta ba su son ya ja musu mota. Mutumin da ba shi da gona, ba shi da wata sana'a sai tuƙi, in wannan suna ya manne masa, ai an gama da shi a ƙasar nan baki ɗaya.

Ana gobe kasuwar Gidan Amumune ta sake mutuwa a can, wannan karo ko bakin gari ba ta fita ba. Alhaji ya rantse direban ya gama yi masa aiki. Ni ma ba don an yarda da ni aka aiko mini ba, sai don an rasa wanda za a kira. Na hau wata motar da za ta Mayahi, daga can na sami ta ƴan kasuwa, na isa da hantsi washegari. Na tarar an riga an sauke buhunan an jibge gefe, Alhaji yana zaune a kan tabarma fuska a murtuke, direban kuwa yana tsugune can gindin wata bishiyar bedi shi kaɗai.

Alhaji ya ce, "Ɗana, duba ka gani don kar a ce ban yi ba. Amma ni na san inda cutar take, ga ta can tsugunne."

Na buɗe jakar kayan aikina. Na fara daga batir, na kankare kawunansa, na ɗaure. Na bi kowane mahaɗi ina jijjigawa, inda ya yi tsatsa in goge, inda ya yi sako-sako in matse. Na sa ƙwan fitilata, ko'ina na taɓa sai ya kama. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Akwai ƴar siririyar wayar nan da muke ce wa fuzibil, wadda aka yi ta don ta ƙone ta ceci sauran in wuta ta kauce hanya. Na tarar wani gwani ya gaji da canja ta, ya murɗa waya mai kauri ya cusa a gurbinta, kuma kewayen wurin ya yi baƙi. Ga shi kuwa tankin mai ba shi da nisa. Ruwa ba ya tsami banza.

Na bar motar na tafi gindin bedi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma duk makanikan da suka taɓa motar nan babu wanda ya tambaye shi komai.

Na ce, "Yaya, in za ta mutu, mi kake ji?"

Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Warin roba. Daga baya shike tasowa, bayan kaina. Na hwaɗa musu, sun ce hancina ne."

"Ta taɓa mutuwa babu kaya?"

Ya yi tunani ya ce, "Ko sau guda."

Nan take na ji kamar an buɗe mini taga. Kowa yana duba motar nan tana wofi, alhali ba ta ciwo sai ta ɗauki nauyi. Surukin Alhaji bai taɓa jan ta da buhu ko ɗaya ba, shi kuwa wannan bawan Allah kullum shi ke ɗauko lodi.

Na koma wurin Alhaji na ce a mayar da buhunan cikin mota. Ya kalle ni kamar na zage shi, ya ce ƴan dako ba bayina ba ne. Na ce in ba a yi lodi ba, ni ma zan ce masa lafiyarta ƙalau kamar yadda sauran suka ce, in koma inda na fito. Ya yi tsaki ya ba da umarni. Na cire wayar nan mai kauri na sa fuzibil na gaskiya. Sannan na roƙi direban ya tashi ya tafi can bayan rijiya, inda ko inuwarsa ba za ta kai ba, na ce surukin Alhaji ya hau ya tayar da ita ya bar ta tana aiki. Da gangan na yi haka, ina so duk wanda ke kasuwar ya ga wanda ke kan kujera.

Na shige ƙarƙashi na kwanta rigingine, daidai bayan kan mota, inda wayar batir ta bi ta saman ƙarfen shasi. Ba zan ɓoye ba, na ji tsoro. Ƴan dako suna jefa buhu, ƙasa tana zubo mini a ido, katakon bodin yana kuka yana saukowa a hankali a kaina. Mutane sun taru ina ganin ƙafafunsu, ina jin wani yana cewa ɗan maƙeri zai mutu a banza. Da lodi ya yi nisa sai na hangi wani ɗan tsini yana leƙowa daga cikin katako. Ƙusa ce, doguwa. Kowane buhu aka jefa sai ta ƙara matsowa, har ta sauka a kan waya daidai wani tabo da ta riga ta yi, ta danne ta a jikin ƙarfe. Na ga tartsatsi, na ji warin roba, injin ya yi shiru.

Kasuwa ta yi tsit. Surukin Alhaji yana zaune riƙe da sitiyari, direba yana can bayan rijiya. Ni kuwa a ƙarƙashi dariya ce ta kama ni, irin wadda mutum ke yi shi kaɗai in ya kama ɓarawon da ya daɗe yana nema.

Na sa aka janye buhunan gaba, na hau na duba ta sama. A kusurwa, ƙarƙashin wani tsohon buhu da aka shimfiɗa, ga laya an ɗinke ta da jar fata, an kafe ta da ƙusar nan har kai. Ban taɓa ta ba. Na rufe, na sauka, na ce da Alhaji ina son magana da shi gefe. Da na nuna masa sai fuskarsa ta canja. Ashe shi da hannunsa ya buga ta ranar da aka gama bodin, don tsarin kaya daga ɓarayi da hatsari, kuma malaminsa ya ce kada kowa ya gani. Ya zaɓi doguwar ƙusa ne don kada ta fita.

Ya rage murya ya ce, "Ɗana, cire ta shiru. Ka ce musu waya ce ta tsufa. Ni na san abin da za ni yi maka."

Har yau ina mamakin inda na sami ƙarfin hali, don mutumin nan sa'an mahaifina ne, kuma kalmarsa ɗaya ta isa ta rufe rumfata. Na durƙusa na ce, "Alhaji, layarka ba ta da laihi, kuma ba ni cewa kowa ga abin da ke ciki. Ƙusa ina iya cire ta shiru. Amma abin da anka liƙa ma mutumen can, cikin kasuwa anka liƙa shi, ba shi cirowa shiru. In nic ce waya ta tsuhwa, gobe sai su ce ƙashinai ne yat tsohe ta."

Ya zuba mini ido har na fara tunanin hanyar komawa Maraɗi. Sannan ya ce, "Ku maƙera ba ku da kunya tun asali." Ya juya ya tafi. Na ɗauka shi ke nan.

Na ci gaba da aikina. Na zare ƙusar, na yanke inda wayar ta ƙone, na haɗa na zuba dalma, na naɗe da robar cikin taya. Na sauke wayar daga saman ƙarfe na bi da ita ta gefe, na ɗaɗɗaure, yadda ko bodin ya zauna gaba ɗaya ba zai same ta ba. Layar kuwa na naɗe ta a tsumma na miƙa wa mai ita, daga baya ya ɗaure ta da tsirkiyar fata a cikin kan mota. Ina cikin wanke hannu sai na ji muryar Alhaji a tsakiyar taro. Ya aika an kira direban, ya ɗaga ƙusar sama don kowa ya gani.

Ya ce, "Jama'a, ga mai ƙashin tsiyar nan. Ni nib buga ta da hannuna. Wanga bawan Allah ba shi da laihi, na zalunce shi, ku ma kun taya ni. Malam, ka yahe mani."

Wallahi na ga girman mutumin nan a ranar fiye da duk ranar da na gan shi cikin babbar riga. Direban ya karɓi makulli da hannu biyu. Aka cika ta har sama, manoman da suka ƙi jiya su ne yau ke rige-rigen jefa buhu. Na zauna kusa da shi muka kamo hanya. Ta shiga rairayi ta fita, ta faɗa rami ta tashi, muka ratsa Mayahi, ko tari ba ta yi ba. Duk tsawon tafiyar hancinsa yake buɗewa yana shaƙar iska, ni kuwa ina ta washe baki kamar ni na ƙera motar.

Da la'asar sakaliya muka shiga Tasawa. Ya kashe injin, amma bai sauka ba. Ya ce, "Ƙanena, ka san ni ma na hwara yarda da su?" Na ce haba Yaya. Ya ce, "An yi mani ɗiya farkon watan ga. Tun ran suna ban ɗauke ta ba. In uwar ta miƙo mani ita sai in ce hannuna da mai. Tsoro nike kar in shahwa mata." Ya goge fuskarsa da bakin rawani, ya buɗe ƙofa. Ko sauke kaya bai tsaya gani ba, na bi shi da kallo yana sauri ya nufi unguwarsu.

Na yi ayyukan da suka fi wannan wuya daga baya, amma babu wanda nake alfahari da shi kamarsa. A ranar na gane cewa in abu ya lalace, ɗora wa mutum laifi ya fi kwanciya a ƙarƙashin mota sauƙi, shi ya sa jama'a ke zaɓar na farkon. Kuma sunan da aka yi ta kiran mutum da shi, tun yana musu har ya zo ya amsa. Shi ya sa ko yanzu da na tsufa, in na ji an taru a kan mutum ɗaya ana cewa shi ne matsalar, ba na sa baki sai na tambaya ko akwai wanda ya sunkuya ya duba.