Mundayen Surukata da Injin Tsohuwar Fanka

Shekarun baya, lokacin kullen korona, in ka leƙa titi daga benen 'yata a Cheras, can ƙasar Malesiya, ba ka ganin kowa sai masu babur da ke kai wa mutane abinci. Yanzu kuwa ko kujera ba ka samu da yamma a shagon mamak, wato shagon shayi da abinci na can. Mun je ne ni da mai ɗakina don haihuwar 'yar tamu, wadda ke karatun digiri na uku a can, sai aka rufe iyakoki muna ciki.

Mai ɗakina ta taho da mundayen tagulla na mahaifiyarta, masu zane a jiki. A gidansu duk jikar da aka haifa mace, ranar suna ana ba ta ɗaya. Akwatin da take ajiye su, tun aurenmu ban taɓa sa hannu a ciki ba. Da ta buɗe shi ana saura kwanaki suna, sai ta tarar laimar garin ta mai da su kore shar. A gida da toka da tsamiya take goge su. To ina toka a bene mai murhun gas? Ga ciwon gaɓɓai ya kama mata yatsu, ko matse tsumma ba ta iyawa.

"Haka zan miƙa wa jikata abu kamar an tono shi a rijiya?" in ji ta.

Sai na tuna wani abokina mafarauci a Afirka ta Kudu. Shi ba ya yar da kwanson harsashi, sake cika shi yake yi. Yana da wata 'yar ganga da inji ke juyawa a hankali, ya zuba kwanson da dakakken ɓawon wani ɗan itace, su fito suna ƙyalli. A Malesiya kam ko kwanso ɗaya aka gani a aljihunka ka shiga uku, amma ai tagulla tagulla ce.

Na kwance tsohuwar fanka, na yanko bel daga tsohon tiyub na keke, na samo robar madara mai murfi. Maimakon ɓawon nan na zuba ɗanyar shinkafa. Gwajin farko da makullai na yi. Fanka ba ta san a hankali ba: murfi ya yi tsalle, shinkafa har cikin takalma.

"Baba, don Allah mai gidan nan bai san da injiniya ya ba mu haya ba," in ji 'yata, tana dariya tana riƙe da jaririya.

"Ƙyale shi," in ji uwarta. "Ya zaga duniya ya dawo yana yi wa kaji barbaɗi, ga shi babu kajin."

Na ƙara wa bel ɗin babban gare, juyin ya lafa. Makullai suka fito fes. Na kai mata, ta juya su, ta ce, "Alhaji, makulli ba shi da zane. In injinka ya cinye zanen Inna, a ina zan samo wani?"

Gaskiyarta. Ni ma ban da tabbas. Na ce mata hakan.

Sai ta zaro munduwa ɗaya, ta jiƙa ta a ruwan tsamiyar da muka sayo a kantin da ke ƙasan benen, wadda mutanen can suke kira asam jawa, ta shanya, ta sa a robar da hannunta. Ta jawo kujera ta zauna gaban injin kamar mai jinya. Bini-bini sai ta ce in tsayar ta duba. Bayan la'asar ta ciro ta, ta kai bakin taga, ta bi zanen da farce. Yana nan daram, har da wasu 'yan ɗige-ɗige da ta ce rabonta da ganinsu tun tana yarinya.

Ba ta yabe ni ba. Cewa ta yi, "Saura ka ce Turawa ne suka koya maka. Zuba sauran."

Aka yi suna ta waya, dangi na kallo daga Kano, munduwar na ƙyalli a gefen jaririya.

Na ga injuna masu tsada a ƙasashe da dama, amma babu wanda ya faranta mini kamar wannan tarkacen. A can muka bar shi da muka dawo. Tun daga ranar, goge mundayen nan aikina ne, kuma makullin akwatin yana hannuna.